Tauraron da ya tafi a kyauta, ya cancanci tsohuwar ƙungiyarsa ta karrama shi?

Tambaya: Ɗan wasa ya yi shekaru yana haskakawa a ƙungiya, ya ci kofuna, sai ya ƙi sabunta kwantiragi, ya jira wa'adinsa ya cika ya koma wata ƙungiyar ba tare da an biya ko sisi ba. Shin ya dace daga baya ƙungiyar ta karrama shi, ta yi masa mutum-mutumi ko ta jingine lambar rigarsa? Mai tambayar ya ce a gidan kallonsu kai ya rabu tun tafiyar Trent Alexander-Arnold daga Liverpool zuwa Real Madrid, wasu na cewa butulci ne, wasu na cewa haƙƙinsa ne.

Amsa: Ya dace, ɗan'uwa, a mafi yawan lokuta. Abin da ake karramawa shi ne aikin da mutum ya yi sanye da rigar ƙungiya, kuma ƙarewar kwantiragi ba ta goge ƙwallon da ya ci ko kofin da ya ɗaga. Sai dai karramawa hawa-hawa ce, kowane hawa da sharaɗinsa da lokacinsa. Yawancin rigingimun da ake yi a kan wannan batu suna tasowa ne daga rashin bambance hawan, ko daga yin abin da ya dace a lokacin da bai dace ba.

Mu fara da kalmar "kyauta" ɗin, don ita ce ke fara rikita lissafi. Wanda ya tafi bayan wa'adinsa ya cika bai karya yarjejeniya ba. Cika ta ya yi har ranar ƙarshe. A da can ba haka tsarin yake ba. A 1990 kwantiragin Jean-Marc Bosman da ƙungiyar RFC Liège ta Beljiyam ya ƙare, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, amma Liège ta ce sai an biya ta kuɗi duk da cewa babu sauran yarjejeniya tsakaninsu. Ciniki ya watse, ta zaftare masa albashi da fiye da rabi. Ya kai ƙara, shari'a ta ja har ranar 15 ga Disamba 1995, lokacin da Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ɗan wasan da wa'adinsa ya cika yana da 'yancin komawa ƙungiyar wata ƙasa a cikin Tarayyar ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba. Daga nan dokokin FIFA suka zauna yadda muka san su: kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai shekara 18 ba kuma ba ya wuce 3, sannan idan saura wata 6 wa'adi ya cika ɗan wasa na iya sa hannu da wata ƙungiya tun yana tsohuwar. Tunda yawancin kwantiragin Turai ranar 30 ga Yuni suke ƙarewa, daga 1 ga Janairu ke nan ƙofa take buɗewa. Ingila ta taƙaita wannan a tsakanin ƙungiyoyinta na cikin gida, shi ya sa za ka ga ƙungiyoyin waje ne ke fara zawarcin 'yan wasan Firimiya a Janairu. Kuma ko "kyautar" ba kullum take zama kyauta ba. Idan yaro ne bai kai shekara 24 ba ya sauya ƙungiya a cikin Ingila, akwai diyyar raino da kwamiti ke yankewa. Lokacin da Danny Ings ya bar Burnley zuwa Liverpool a 2015 bayan wa'adinsa ya cika, sai da aka yanke wa Liverpool biyan fam miliyan 6.5, da ƙarin da zai iya kai shi miliyan 8.

To me ke ƙona ran magoya baya? Kuɗin da aka rasa, da farko. Nan ma ya kamata a san yadda ofishin ƙungiya ke lissafinsa. Idan aka sayi ɗan wasa fam miliyan 50 a kan kwantiragin shekara 5, a littafin kuɗi ana raba kuɗin ne miliyan 10 duk shekara. Ranar da wa'adi ya cika, darajarsa a littafi ta koma sifili, ma'ana ƙungiya ta riga ta ci amfanin abin da ta biya. Abin da ta rasa shi ne cinikin da da ta yi. Wannan rashi ya fi ciwo idan yaron gida ne da ya taso daga makarantar horon ƙungiya, domin ba a saye shi ba, duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Shi ya sa tafiyar Trent ta fi ta wani baƙo zafi. Shi kuma ɗan wasa da wakilinsa, wani ɓangare na kuɗin da sabuwar ƙungiya ta tsira da shi yakan dawo musu ne a matsayin kuɗin sa hannu da albashi mai tsoka. Babu amfanin ɓoye wannan, shi ne babban dalilin da ya sa manyan 'yan wasa ke barin wa'adi ya ƙare.

Amma duk daraktan wasanni da ya san aikinsa ya san ranar yanke shawara. Idan saura shekara 2, ko a sabunta ko a sa ɗan wasa a kasuwa. Idan saura shekara 1, farashi ya faɗi kuma ragama ta koma hannun ɗan wasa. Ƙungiyar da ta bari aka kai nan, ko dai ta yi sakaci, ko kuma da gangan ta zaɓi kaka ɗaya ta aikinsa a kan kuɗin. Borussia Dortmund misali ce mai kyau. A bazarar 2013 ta san Robert Lewandowski Bayern Munich yake so, ta ƙi sayar da shi, ta riƙe shi ya ƙarasa shekararsa. Ya sa hannu da Bayern a Janairun 2014, duk da haka ya ci gaba da buga wasa da gaske har ya gama kakar a matsayin wanda ya fi kowa zura ƙwallo a Bundesliga, da ƙwallo 20. Ƙungiyar da ta yi wannan zaɓi da idonta a buɗe ba ta da bakin cewa an cuce ta. Mutumin da ya taimaka mata ta ci Bundesliga a 2011 da 2012, ya zura wa Real Madrid huɗu a dare ɗaya a Afrilun 2013, yana cikin tarihinta ko ta so ko ta ƙi.

Akwai kuma abin da ke nuna cewa ba kuɗin ne asalin ciwon ba. Luís Figo bai tafi a kyauta ba. Real Madrid ta biya Barcelona kuɗin da ya kafa tarihi a duniya a 2000, amma da ya dawo Camp Nou a 2002 har kan alade aka jefo masa yana shirin bugun kusurwa. Robin van Persie ma Arsenal ta karɓi kusan fam miliyan 24 daga Manchester United a 2012, kuɗin bai wanke shi a wurin magoya baya ba. A ɗaya gefen, Manchester City ta kafa mutum-mutumin Vincent Kompany da David Silva da Sergio Agüero a harabar Etihad, kuma dukkansu ukun a ƙarshen kwantiragi suka tafi: Kompany zuwa Anderlecht a 2019, Silva zuwa Real Sociedad a 2020, Agüero zuwa Barcelona a 2021. Ko kwabo City ba ta samu a kansu ba. Didier Drogba ya bar Chelsea a kyauta a 2012 kwanaki kaɗan bayan ya ci mata Kofin Zakarun Turai, babu wanda ya kira shi maci amana. Ashe abin da mutane ke riƙewa shi ne yadda aka tafi, da inda aka tafi, da abin da aka faɗa kafin a tafi.

Saboda haka kafin a yi maganar karramawa sai a tantance wace irin tafiya ce. Ta farko ita ce wadda ƙungiya ce ta buɗe ƙofa. Ita ce mafi yawa, ita ce kuma ake saurin mantawa da ita. Duk ƙarshen kaka ƙungiyoyin Ingila kan fitar da sunayen waɗanda suka riƙe da waɗanda suka sallama, kuma a cikin sallamammun akwai masu rauni a gwiwa, akwai waɗanda suka haura 30, akwai yaran da aka raina tun suna shekara 9. Magoya baya kan ce ɗan wasa ya ci moriyar ganga ya yada kwaurenta, amma ƙungiyoyi sun fi 'yan wasa yin hakan nesa ba kusa ba. Andrea Pirlo ya yi shekara 10 a AC Milan, ya ci Zakarun Turai a 2003 da 2007, da wa'adinsa ya cika a 2011 Milan ba ta ba shi kwantiragin da yake nema ba saboda shekarunsa. Ya koma Juventus ya ci Serie A huɗu a jere. Kevin De Bruyne ya faɗa da bakinsa a 2025 cewa City ba ta yi masa tayin sabuntawa ba. Lionel Messi ya amince a rage masa rabin albashi a 2021, dokar kashe kuɗi ta La Liga ce ta hana Barcelona yi masa rajista, ya yi ban kwana yana kuka. Mutumin da ya buga wasa 778, ya ci ƙwallo 672 da kofi 35, babu wata muhawara a kansa. A irin wannan tafiya, ƙungiya ce ke da bashi a wuyanta.

Labarin da ya fi kowanne ƙarfi a wannan rukuni na Johan Cruyff ne. A 1983 Ajax ta ƙi sabunta masa kwantiragi tana ganin ya tsufa. Cikin fushi ya tafi Feyenoord, babbar abokiyar gabarta, ya kuma ci mata gasar Holan da kofin ƙalubale a 1984. Duk da haka Ajax ta dawo da shi koci a 1985, ta jingine lamba 14 a 2007, sannan a 2018 filin wasanta ya koma ɗauke da sunansa. Ajax ta gane cewa idan ta cire Cruyff daga tarihinta, ita ce za ta ragu.

Tafiya ta biyu ita ce wadda ɗan wasa ne ya zaɓa, amma ya bi ta hanya: ya sanar da shugabanni da wuri, bai yi alkawarin ƙarya a gaban 'yan jarida ba, bai daina ƙoƙari a fili ba. Irin wannan ma ya cancanci cikakkiyar karramawa, iyaka dai a jira zuciya ta huce. A nan nake sa Lewandowski, a nan nake sa Steve McManaman da ya bar Liverpool zuwa Real Madrid a 1999, a nan kuma nake sa Trent. Yaron ya shiga Liverpool yana shekara 6, ya yi shekara 20, ya buga wa babbar ƙungiya wasa 354, ya ci Zakarun Turai a 2019 da Firimiya a 2020 da 2025. Ka tuna daren Barcelona a Anfield a Mayun 2019: ya ajiye ƙwallo a kusurwa, ya juya kamar zai bar wa wani bugun, ya hango 'yan bayan Barcelona sun ba da baya, ya dawo da sauri ya shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa, Divock Origi ya ɗaga ta raga, aka tashi huɗu da nema. Wannan bugun mallakin Liverpool ne har abada, ba ya bin Trent zuwa Madrid. Ya sanar da tafiyarsa ranar 5 ga Mayu 2025, bayan an riga an tabbatar da kofin Firimiya. Real Madrid ma ta biya kusan yuro miliyan 10 don a sake shi wata ɗaya kafin wa'adi ya buga mata gasar ƙungiyoyi ta duniya. Ihun da aka yi masa a wasan Arsenal mako ɗaya bayan sanarwar, ruwa ne da ba ya tsami banza: ɗan gari ne, mataimakin kyaftin ne, kuma mutane sun sa ran zai gaji kambun kyaftin ya tsufa a nan. Wannan ciwo na gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Amma ciwon da aka ji ba ya zama laifin da aka aikata.

Tafiya ta uku ita ce mai wuya, kuma sunanta Sol Campbell. Ya taso a Tottenham, ya zama kyaftin, ya ɗaga kofin League Cup a 1999. Ya sha nuna wa magoya baya cewa zai zauna, sai a Yulin 2001 aka gan shi tsaye kusa da Arsène Wenger a matsayin ɗan wasan Arsenal, maƙwabciyar da babu wadda Tottenham ta tsana kamarta. Abu uku suka haɗu: babu kuɗi, abokiyar gaba ce, kuma maganar bakinsa ta saɓa da aikinsa. Alkawari kaya ne, kuma na ukun nan shi ne mafi nauyi. A ganina Tottenham ba ta da wajibin yi masa biki ko kafa masa wani abu. Karramawa irin ta biki ana yin ta ne a gaban jama'a da yardarsu, idan babu yardar ta zama tozarci ga kowa. Amma ko shi bai halatta a goge shi daga kundin tarihi ba. Hoton waɗanda suka ɗaga kofin 1999 dole ya kasance da kyaftin ɗinsa a ciki. Zagin da aka riƙa rera masa shekara da shekaru, wanda har ya kai wasu gaban kotu bayan wani wasa a Portsmouth a 2008, wannan ya fita daga batun ƙwallo gaba ɗaya.

Wannan ya kawo mu kan hawan karramawar. Na ƙasa shi ne tarihi: suna a jerin waɗanda suka buga wasa, hoto a gidan tarihin ƙungiya, lambobin da ya kafa. Wannan ba kyauta ba ce, gaskiya ce kawai, kuma ba ta da sharaɗi. Sama da shi akwai ban kwana a wasan gida na ƙarshe: riga a cikin firam, 'yan wasa su yi layi biyu ya wuce ta tsakiya, a ba shi makirufo na minti biyu ko uku. Duk wanda ya yi shekara 5 zuwa sama yana taka rawa ya cancanci wannan, sai dai idan yanayin filin ya nuna ihu zai rinjayi tafi. Real Madrid ta yi wa Luka Modrić haka a Mayun 2025, har 'yan Real Sociedad suka shiga layin. PSG kuwa ba ta shirya wa Kylian Mbappé komai ba a wasansa na ƙarshe a gida a Mayun 2024, duk da cewa shi ne ya fi kowa ci mata ƙwallo a tarihi, 256. Ƙungiyar magoya baya ce ta ɗaga masa babban kyalle mai hotonsa. Ana cikin rigimar albashi da alawus a lokacin, shugabanni suka bar fushin ofis ya fito fili. Kuskure ne, domin rigimar kuɗi kotu ce ke raba ta, ban kwana kuwa rana ɗaya ce ba ta dawowa.

Sai wasan karramawa, wanda a al'adar Ingila ake yi wa mai shekara 10 a ƙungiya. A da kuɗin ƙofa na ɗan wasan ne, don ya samu abin riƙe kansa bayan ritaya. Yanzu da albashi ya yi yawa, kuɗin kan tafi ne ga ayyukan jinƙai. Na Kompany a Satumbar 2019 an tara shi ne don marasa matsuguni a Manchester, shi kansa ma bai buga ba saboda ciwon cinya. Amfanin wannan hawa shi ne wanda ya saya tikiti ya zo ne da son ransa, ba a tilasta wa kowa tafi ba. Ga ɗan wasan da tafiyarsa ta bar tabo, wannan ita ce hanya mafi aminci ta gwada ko an huce.

Na ƙoli su ne waɗanda ba a warwarewa: mutum-mutumi, sa wa ɓangaren fili suna, jingine lamba. Ga waɗannan ina da sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa ga wanda ya tafi da zaɓin kansa: sai ya yi ritaya. Dalilin shi ne abin da ya faru a birnin Malmö. A Oktoban 2019 aka buɗe mutum-mutumin tagulla na Zlatan Ibrahimović a wajen filin ƙungiyar garinsu, hukumar ƙwallon Sweden ce ta sa aka yi. Bayan 'yan makonni ya sayi hannun jari a Hammarby, abokiyar hamayyar Malmö. Aka fesa masa fenti, aka yanke hancin, a farkon Janairun 2020 aka datse shi daga idon sawu ya kife ƙasa. Mutumin da bai gama tafiyarsa ba, ba ka san inda zai sa ƙafa gobe ba. City ta tsira da nata ne saboda su Silva da Agüero sun bar Ingila gaba ɗaya cikin girma da arziki, ba don tsarin ba shi da haɗari ba.

Jingine lamba kuma yana da nasa ƙa'idojin da mutane ba su cika sani ba. A La Liga 'yan babbar ƙungiya lamba 1 zuwa 25 kawai suke sawa, don haka duk lambar da aka jingine gurbi ɗaya ne aka rasa. Shi ya sa lamba 10 ta Messi ta koma wa Ansu Fati a 2021, sannan Lamine Yamal a 2025, ba don raini ba. A Italiya da ake sa lamba har 99 abin ya fi sauƙi, Milan ta jingine 6 ta Franco Baresi da 3 ta Paolo Maldini, Napoli ta jingine 10 ta Maradona. A Amurka ne al'adar ta fi kafuwa, a can ne kuma aka fi gogewa da wannan tambaya taka, tunda tafiya bayan ƙarewar kwantiragi ruwan dare ce a wasanninsu. Shaquille O'Neal ya yi kaka 4 kacal a ƙungiyar kwando ta Orlando Magic, ya kai ta wasan ƙarshe a 1995, ya tafi Los Angeles Lakers a 1996 ya bar ta hannu rabbana. Sai a Fabrairun 2024 Orlando ta jingine lambarsa 32, kuma shi ne ɗan wasa na farko da ta yi wa haka. Shekara kusan 28 ke nan, ta yi yawa, don da yawa daga waɗanda suka gan shi yana wasa a rigar ba su cikin zauren a ranar. Tom Brady kuwa, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya bar New England Patriots a 2020 bayan kaka 20 da kofin Super Bowl 6, ya je Tampa Bay ya ci na bakwai, ya yi ritaya a 2023, a Yunin 2024 Patriots ta jingine lamba 12. Ƙa'idarta ta shigar da ɗan wasa zauren gwarazanta ita ce a jira shekara 4, ta ɗage masa saboda girman aikinsa. Tsakanin waɗannan biyun ma'aunin yake: shekara 1 zuwa 5 bayan ritaya.

Darasin da shugabannin ƙungiyoyi suka fi buƙata na ƙungiyar kwando ta Cleveland ne. Da LeBron James ya sanar a talabijin a Yulin 2010 cewa zai koma Miami, mutane suka ƙona rigunansa a titi, mai ƙungiyar Dan Gilbert ya fitar da wasiƙa a daren yana kiran abin cin amana, hukumar NBA ta ci shi tarar dala 100,000. Bayan shekara 4 sai da ya nemi sulhu kafin LeBron ya dawo ya ci musu kofin 2016, na farko da birnin ya gani a manyan wasanni cikin shekara 52. Da ya sake tafiya a 2018, sanarwar Gilbert godiya ce da alkawarin jingine lamba 23 wata rana. Mai goyon baya yana da damar yin fushi a kujerarsa, shi ya biya kuɗin tikiti. Shugaba ba shi da wannan damar. Sanarwar ranar tafiya ta zama gajera: shekarun da ya yi, kofunan da ya ci, godiya, fatan alheri. Duk kalmar da ta wuce haka sai an zo ana neman hanyar janye ta.

Hanyar kauce wa yanke hukunci cikin fushi ko cikin zumuɗi ita ce a rubuta ƙa'ida tun babu sunan kowa a gaba. A fayyace adadin wasanni ko shekaru, a fayyace wa'adin jira, a kafa kwamiti da ya haɗa tsoffin 'yan wasa da wakilan magoya baya da mai kula da tarihin ƙungiya, a kuma nemi rinjaye mai ƙarfi, kamar kashi biyu cikin uku, kafin a amince da abin da ba a warwarewa. Amma ƙa'idar lissafi zalla ma tana da ramin da take faɗawa. Atlético Madrid ta sa wa duk wanda ya buga mata wasa 100 farantin ƙarfe mai sunansa a daɓen harabar filinta, ta kira wurin hanyar gwaraza. Thibaut Courtois ya cika sharaɗin, ya kuma ci mata La Liga a 2014, amma da ya koma Real Madrid a 2018 farantinsa ya zama juji. Ana tofa masa yawu, ana zuba shara, ranar wasan hamayya a 2019 ɓerayen roba aka jibga a kai. Kurakurai biyu ne a nan. An kira abin da yake lissafi ne kawai da sunan gwarzantaka, sai magoya baya suka ga an yanke hukunci da yawunsu ba a tambaye su ba. Sannan an ajiye shi a ƙasa, a sarari, inda ƙafa da hannu ke kaiwa. Daga baya ƙungiyar ta sauya wa wurin suna zuwa na masu wasa ɗari, wanda shi ne gaskiyar abin tun farko. Zanen Trent da ke bangon wani gida kusa da Anfield ma an ɓata shi a Nuwamban 2025, ranar da Real Madrid ta zo wasa. Duk abin da ya shafi ɗan wasan da ake jayayya a kansa, a ajiye shi a cikin gidan tarihi ko a bango mai tsayi a cikin fili.

Ranar da ya dawo a rigar abokan hamayya ita ma tana son tsari. Idan za a nuna bidiyon tunawa, kada ya wuce minti ɗaya, kuma a sa shi lokacin motsa jiki kafin fili ya cika, ko bayan an tashi. Kada a sa shi daf da busa usur, lokacin da jini ya hau kuma kocin gida na son filin ya yi zafi. A tuntuɓi shugabannin ƙungiyoyin magoya baya mako ɗaya kafin ranar, a kuma tambayi ɗan wasan ko yana so. Idan wasan na fitar da gwani ne, a ɗage gaba ɗaya.

Game da Trent da kuka yi musu a kansa: hotonsa da lambobinsa su zauna a gidan tarihin Anfield yadda suke, babu abin da za a taɓa. Muddin yana sanye da farar riga, kada Liverpool ta shirya masa komai a fili. Bayan ya rataye takalmi da shekara biyu ko uku, a gayyace shi wasan tsoffin 'yan wasa na gidauniyar ƙungiyar tare da sauran 'yan 2019, kamar yadda McManaman ke dawowa yanzu ana tafa masa. Mutum-mutumi kuwa a Anfield na irin su tsoffin kociyoyi Bill Shankly da Bob Paisley ne, ko Steven Gerrard da ya yi kaka 17 ba a yi masa ba tukuna, don haka rashin yi wa Trent ba zai zama hukunci a kan tafiyarsa ba.